Shan kunu da Ingilishi, da makullin da ya ƙi zuwa taro

  

Wannan karon kalma guda na kawo maku, kuma ta Ingilishi ce. Na san wata za ta ce, yo mu da Faransancin ma bai zauna mana ba, ina ruwanmu da Ingilishi? Ku dai yi haƙuri ku bi ni. Ni ma sai da na haifi ɗiya huɗu kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ba ni jin Ingilishi ko na sayen gishiri. Amma kalmar nan ta tono mani wani abu da ya taɓa hana mu buɗe akwatinmu sati biyu a jere, kuma na tabbata ba ƙungiyarmu kaɗai ya taɓa samu ba.

Ga yadda na ci karo da ita. Ɗiyata tana aji uku na kolej, kun san tun daga ajin farko na kolej ake soma koya masu Ingilishi. Kwanan baya ta zo mani da maganar anko, wai yayar ƙawarta za ta yi aure, sun fidda atamfa ta jikka 6. Na ce mata ta jira ranar rabon asusu, yanzu ba ni da su. Ba ta ce uffan ba, ta shige ɗaki. Da dare anka zuba tuwo ta ce ta ƙoshi. Da safe tana wanke-wanke, kwanoni sai ƙara suke kamar a maƙera, baki a zumɓure. In na yi mata magana sai ta amsa da "to" guda, ita ma daga can cikin maƙogwaro. Kwana biyu muna haka. Sai wanta da ke lise ya leƙo ya dube ta, ya faɗi wata magana da Ingilishi yana dariya. Ba ta san sa'ad da ta wurga mashi takalmi ba. Na ce, kai, mi ka ce mata haka? Ya ɗauko kayyena na ƙungiya ya rubuta mani haruffa huɗu a bayan bango: sulk. Ya ce ana faɗinta kamar "salk", kuma abin da ƙanwarsa take yi ke nan tun shekaranjiya.

Ni kuwa kun san halina, in abu ya shiga kaina sai na ga ƙarshensa. Maƙwabcinmu mushen Ingilishi ne, matarsa tana cikin ƙungiyarmu. Na shiga gidansu bayan la'asar, muna zaune ni da ita tana tsince wake, shi kuma ya ɗauko ƙaton ƙamus ɗinsa ya yi mana bayani dalla-dalla.

Abin da kalmar take nufi

Ya ce abu uku ne ke haɗuwa kafin mutumin Ingila ya faɗi kalmar nan. Na ɗaya, rai ya ɓaci, don an hana mutum abin da yake so, ko kuwa yana ganin an yi mashi ba daidai ba. Na biyu, ya ƙi magana, ya ja jiki gefe, ya ɗaure fuska. Na uku, shi ne ya fi ɗaukar hankalina: yana so a lura. Shirun nasa saƙo ne, akwai wanda yake aika wa. Mai faɗa da ɗaga murya, akwai wata kalma dabam da suke kiransa da ita. Wadda ta yi rashi ta zauna shiru cikin baƙin ciki, ita ma ba a faɗa mata wannan. Ta wanda ya yi shiru ce, yana satar kallo ya ga ko an damu.

Ya nuna mana yadda take juyawa a bakinsu. In yarinya tana cikin yin abin, sai su ce "she is sulking". In za a hana yaro, sai a ce "stop sulking", wato bar wannan kumburin, abin da ɗana ya gaya wa ƙanwarsa ke nan. Suna kuma cewa mutum yana "in a sulk", kamar dai wani ɗaki ne da ya shiga ya ja ƙyaure. Wanda fuskarsa ke nuna haka, ko wanda abin ya zame mashi hali, shi ne "sulky". Kuma kalmar tana tsayawa da ƙafarta, ba ta bukatar a ambaci wanda ake yi dominsa. Mu in mun ce wance tana gaba, nan take za a tambaya, da wa? Su kuwa mai yin kaɗai kalmar take dubawa, kamar tana nuna shi da yatsa yana zaune can gefe shi ɗaya.

Sai ya ja mana kunne da abu guda. Ya ce galibi yara ake faɗa wa ita. In ka faɗa wa babba, ka rena shi ke nan, ka ce ɓacin ransa na yarinta ne, bai kai a tsaya a saurara ba. Shi ya sa da wuya ka ji mutum ya faɗe ta a kan kansa, sai dai cikin wasa ko bayan abin ya wuce. Kullum wani ne ke yi, ba ni ba. Matarsa ta yi dariya ta ce, ashe har can ma haka ne, laifi tudu ne.

Kalmar ta daɗe, tun ƙarni na 18 take cikin rubuce-rubucensu, fiye da shekara 200 ke nan. Har akwai wata ƴar amalanken doki mai ƙafa biyu da kujera guda tak, ita ma "sulky" ake ce mata. Masu ƙamus sun ce an sa mata sunan ne don mai hawanta shi kaɗai yake zama, ba wurin abokin hira. Wadda ta taɓa ganin tseren dawakin Faransa a talabijin, inda doki ke jan mutum guda a bayansa, to ita ce wannan, kuma Faransawa ma da sunan nan suke kiranta. Su Faransawan tasu kalmar ita ce "bouder", ɗiyanmu na lakkol duk sun san ta. Daga jikinta anka fidda "boudoir", ƙaramin ɗakin da matan masu hali na da suke keɓewa a ciki. Na ce ikon Allah, wato su har ɗaki sunka gina wa abin. Mu da muke ɗaki guda da yara biyar, sai dai mace ta juya wa mutane baya ta fuskanci bango.

Kada ku ce abin na yara da mata ne kawai. Mushe ya ba mu labarin wani babban mutum a Ingila, Edward Heath, wanda ya yi firaminista daga 1970 zuwa 1974. A 1975 anka yi zaɓen shugaban jam'iyyarsu, mace ta kada shi, Margaret Thatcher. Ita ce ta zama mace ta farko da ta riƙe firaministan ƙasar a 1979, ta yi shekara 11 a kai. Shi kuwa bai huce ba. Da ta hau ta miƙa mashi jakadanci a Amurka, ya ƙi karɓa. Ya ci gaba da zama cikin majalisa har 2001, kowa ya san ransa bai kwanta da ita ba. Jaridun ƙasarsu sunka laƙaba mashi kalmar nan har ta bi shi kamar suna. Da na ji haka na tuna zaɓen shugaba a ƙungiyoyinmu, yadda wadda ta faɗi takan koma bakin tabarma ta daina sa baki a komi. Ashe ciwon guda ne, ko a Landan ko a gindin bedi.

Mu da Hausa fa?

Da na komo gida na zauna ina lissafin yadda muke faɗin abin nan, sai na ga mu ba mu tara shi cikin kalma guda ba, mun rarraba shi. Fuska tana da nata: ta sha kunu, ta sha toka, ta ɗaure fuska, ta haɗe rai, ta murtuke. Baki yana da nasa: ta zumɓura baki, ta turo baki. Jiki ma haka: tana kumburi, tana cika tana batsewa. In ɗan sauti ya fito, shi ne tsaki da ƙunƙuni. In abin ya kai ga daina gaisawa, ya zama gaba. In ya kwana ya tashi ya yi shekara cikin zuciya, riƙo ke nan, ta ƙullace ta. In matar aure ta ɗaure kayanta ta tafi gidansu, ta yi yaji, sai an je biko. Kun ga kamar matakala ce, daga turo baki har zuwa gaba. Kalmar Ingilishin nan tana zaune wajen tsakiya, ta wuce ɗaure fuska na ɗan lokaci, ba ta kai ga yanke zumunci ba.

Akwai kuma wasu shirun da muke da su masu daraja, waɗanda bai kamata a haɗa su da wannan ba. Haƙuri shiru ne. Kawaici shiru ne. Kunya da kara su ma haka. Tun muna ƙanana ake gaya mana ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. To ina bambancin? Mai kawaici tana ɓoye ɓacin ranta don kada ki ji nauyi. Za ta gaishe ki, ta ba ki ruwa, ki tashi ba ki san kin yi mata komi ba. Mai shan kunu kuwa so take ki ji nauyin, amma ba za ta gaya maki na mi ne ne ba. Ta yanke maki hukunci, ta ƙi karanta maki laifinki. Nan ne cutarwar take, kuma nan ne muke ruɗin kanmu, mace tana horon mutane da shiru tana cewa ai ni haƙuri nake.

Makullin da ya ƙi zuwa taro

Yanzu bari in ba ku labarin da na ce kalmar ta tono mani. Ba zan kama suna ba, kuma wadda abin ya shafa na nemi izininta kafin in rubuta, ta ce in faɗa ko wata ta ƙaru.

Akwatinmu kwaɗo uku gare shi, makulli uku a hannun mata uku, akwatin kansa yana wajen ma'ajiya wadda ba ta da makulli ko guda. Kun san dalili, don kada mutum ɗaya ya iya buɗe shi. Ɗaya daga cikin masu makullin ta girme ni, Yaya nake ce mata, tun ranar da munka kafa ƙungiya muke tare. Mace ce mai raha, in ba ta zo taro ba sai a ji wurin ya yi sanyi.

Shekarun baya, da kaka kamar yanzu, ta zo taro ta zauna can baya. Ta buɗe kwaɗonta ba ta dubi kowa ba. Anka kira sunanta ta miƙa dala ɗari ta zubi, ta koma ta zauna. Na ce, Yaya lafiya? Ta ce lafiya lau. Sati na biyu ba ta zo ba, ta aiko jikarta da zubi, ba makulli. Munka aika, anka ce kanta ke ciwo ta kwanta. Dokarmu ta ce ba a ba yaro makulli, to ba mu buɗe ba. Kuɗin zubin ranar anka ƙulle cikin kallabi anka ba ma'ajiya, abin da dokar ma ta hana. Sati na uku haka dai, zubi ya zo, makulli bai zo ba. Alhali an gan ta a kasuwa, an gan ta wajen suna.

Sai kowa ya shiga canke. Wata ta ce ai don an ba wance rance kafin ita ne. Wata ta ce tarar dala goma da anka ci ta ta makara ce ta yi mata zafi. Wata ta ce kishiyarta da munka karɓa cikin ƙungiya ce matsalar. Kafin sati ya zagayo an ɓata wa mata uku rai a kan laifin da ba su yi ba, har biyu sun soma amsa wa juna gaisuwa da hanci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kam ƙadangaru sun shigo mana da yawa.

Wadda ta fi cutuwa ba ta cikin rigimar ko kaɗan. Wata ƙaramar yarinya ce, mijinta ya tafi ci-rani, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Layinta ne na karɓar rancen jikka 25, tana so ta sayi gyaɗa tun tana araha a bakin kaka ta ajiye. Sati biyun nan da akwati bai buɗu ba, ƴan kasuwa sunka shigo sunka kwashe, tiya ta tashi. Da kuɗin sunka fito, abin da ta samu bai kai abin da ta yi lissafi ba, kuma ribar da za ta mayar wa asusu ba ta ragu da ko dala ba. Ba ta yi wa kowa magana ba, ita ce mai haƙurin gaskiya cikin labarin nan. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni.

A taro na ukun wasu sunka ce a kira maƙeri ya fasa kwaɗon, a zaɓi wata. Har na kusa yarda, don ni ma raina ya ɓaci. Ina cewa cikin zuciyata, babbar mace da jikoki tana abu kamar yarinya. Sai tsohuwar cikinmu, wadda duk muke kira Iya, ta ce mani, ke shugaba, kin taka kin je kin same ta? Na ce na aika sau biyu. Ta ce aike dabam, zuwa dabam.

Bayan isha'i na ɗauki Iya munka tafi. Munka iske ta tana kaɗa miya. Ta shimfiɗa mana tabarma, gaisuwa sama-sama. Na ce, Yaya, in laifi na yi maki ki gaya mani. Ta ce ba komi. Na ce, in wata ce cikin ƙungiya, ki faɗa a gyara. Ta ce, na ce maki ba komi. Iya ta ce, to mu ma ba komi ya kawo mu, za mu zauna nan har ki gama miyarki. Munka zauna. Wallahi mun fi rabin awa ba mai magana, sai ƙarar maburgi. Can sai na ga tana share ido da bakin zane. Ta ce, uwata ta rasu, kin aiko mani yarinya da jikka guda cikin takarda kamar mai biyan bashi. Ranar uku ban gan ki ba, ranar bakwai ban gan ki ba. Ni da na kwana huɗu a gidanki sa'ad da kinka yi ɓari.

Jikina ya yi sanyi. Gaskiyarta ce. Sa'ad da anka yi rasuwar ina birni wajen horo na kwana biyar, na aika da kuɗin asusun taimako da nawa a kai, na ce in na komo zan je. Da na komo aiki ya taso, yau gobe, yau gobe, har kunyar zuwa ta kama ni, na bar shi a kan mun gaisa a hanya. Ba rance ba ne, ba tara ba ce, ba kishiya ba ce. Ni ce, kuma sati uku ina neman mai laifi cikin mutane. Na durƙusa na ba ta haƙuri, na yi mata gaisuwar da ban yi ba. Iya ta bari sai da munka gama koke-kokenmu, sa'an nan ta juya wajenta ta ce, ke kuma, fushinki da shugaba ne, mi yarinyar nan mai ƙuli-ƙuli ta yi maki? Ta ce wace yarinya? Ashe ba ta ma san layin wa ta tare ba. Washegari da sassafe da kanta ta bi gida-gida ta tara mu anka buɗe akwati.

Na tambaye ta daga baya, don mi ba ki gaya mani tun farko ba? Amsar da ta ba ni ita ce ta sa na gane abin nan har gindinsa. Ta ce, in sai na gaya maki kafin ki sani, to mi ya rage na zumuncin? Kun ji. Mai shan kunu tana ganin wanda ya damu da ita ya kamata ya gane da kansa. Shi ya sa ba mu cika yi wa baƙo ba, sai na jiki: miji, uwa, aminiya. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma fuska iyakarta ta ce akwai labari, ba ta iya ba da shi.

Kada mu mai da kalmar sanda

Na dawo kan jan kunnen da mushe ya yi mana, cewa kalmar tana ɗauke da reni. Ni ma da renin na dubi Yaya, na ce yarinta ce, alhali kukan uwarta take. Mu tuna yadda anka rene mu. Yarinya ba ta mayar wa babba magana, amarya ba ta ɗaga ido gaban uwar miji, mace ba ta musu da mai gida cikin mutane. Wadda anka rufe wa baki tun tana ƙarama, in ranta ya ɓaci da mi za ta faɗa in ba da fuska ba? Saboda haka in kin ga ƴar uwarki ta sha kunu, kafin ki ce halinta ne, tambayi kanki ko an taɓa ba ta wurin magana.

Akwai kuma shirun da ba fushi ba ne sam. Mai shan kunu da mutum guda take yi, in ta fita waje za ki ji dariyarta da wasu. Amma macen da ta yi shiru da kowa da kowa, ba ta cin abinci, ba ta barci, ta daina kula da jikinta da sana'arta sati da sati, musamman bayan haihuwa ko bayan rashi, wannan tana iya zama rashin lafiya. A raka ta likita, kada a tsaya ana cewa miskilanci ne. Haka wadda ake duka ko ake tsorata ta a gida, shirunta na tsoro ne, hannu take bukata.

Abin da munka tsara bayan haka

Ba mu so abin ya maimaitu, sai munka ƙara abu huɗu cikin dokarmu, kuma har yau muna bin su.

Na ɗaya, makulli amanar ƙungiya ne, ba na mai riƙonsa ba ne. Kowace mai makulli tana da mataimakiya da taro ya zaɓa. In ba za ta zo ba, ko don ciwo ko don fushi, ta kai wa mataimakiyarta hannu da hannu kafin lokacin taro. Tana da ikon yin fushinta, akwati kuma ya buɗu.

Na biyu, kafin a rufe taro, bayan an ƙidaya kuɗi an faɗa da ƙarfi, shugaba tana tambaya: akwai mai abu a ciki? Sai a ɗan yi shiru a jira, ba a tashi da sauri. Watannin farko ba mai tankawa. Yanzu kam har sai an ce a bar saura sai sati mai zuwa.

Na uku, mun ware dattijai biyu masu sulhu, don ba kowace magana ake faɗi gaban mata talatin ba. Wadda ke jin nauyin taro ta same su a gida. In sun ga wata ta canza fuska, su ke zuwa da ƙafarsu, ba aike ba, kuma ba su bari a wuce kwana uku. Malamanmu ma kullum suna tuna mana gaba ba ta halatta ta wuce haka.

Na huɗu ya shafe mu shugabanni. Kuɗin asusun taimako ba a aika yaro da su. Rasuwa ko haihuwa ko gobara, mutum biyu daga cikin shugabanni su kai da kansu, su zauna, su sha ruwan gidan. Wannan dokar daga kuskurena ta fito, ni na roƙa a rubuta ta.

Ke kuma ƴar uwata da kike karatun nan, ko ake karanta maki, in akwai wadda kike amsa wa gaisuwa da hanci a ƙungiyarku, ki gwada jimla guda kawai: abin da kinka yi ranar kaza ya yi mani zafi. Tana da nauyi a baki, na sani, amma ta fi sati uku na kumburi sauƙi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wataƙila ma ita ba ta san ta yi ba, kamar yadda ni ban sani ba.

Ita kuwa ɗiyata, dare na uku na kira ta na ce zauna, gaya mani da baki. Ashe ba atamfar ce ta fi damunta ba, ƙawayenta duk sun biya, ita kaɗai ta rage cikin lissafi, kuma a gaban aji ake karanta sunaye. Munka shirya ta riƙa taya ni tuyar ƙosai ran Asabar da Lahadi, ina ware mata dala hamsin duk rana, ni kuma in cika sauran ranar rabo. Wanta har yanzu yana tsokanarta da kalmar, ita kuma tana jiran ranar da zai nemi kuɗin man babur a hana shi.

Ina so in ji daga gare ku. Matan Damagaram, matan Adar, matan Arewa da Gobir, da ku na Yamai da kuke zaune da Zabarmawa, yaya kuke kiran abin nan a wajenku, kuma yaya kuke kashe shi in ya shigo ƙungiya? Ku ba sakatariyarku ta rubuto, za mu kawo amsoshinku a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Allah ya bar zumunci, ya tsare mana asusunmu. Sai wani watan.